Jan Farce a Jikin Famfo

Wata biyar bayan rasuwar maigidana, sitiyarin motar da ya bar mini ya fara taurin kai. Da ita nake ɗauko atamfa daga kasuwar Makola zuwa shagona a unguwar Nima, kuma duk kwanar da zan sha sai na haɗa da kafaɗa, ga wani kuka da take yi kamar kyanwa.

Na kai ta unguwar Kawukudi wurin makaniki, wanda a nan muke ce wa fita, aminin marigayi tun suna samari. Ya saurari kukan, ya tsoma yatsa a man sitiyari.

"Famfon sitiyari ya mutu," in ji shi. "Sai an canza."

Da sauri haka? Raina bai kwanta ba. Tun da na fita takaba kowa ke yi mini kallon wadda ba ta san komai ba, har mai gyaran fanka ya ci rabonsa. Ga matan layinmu sun cika mini kunne cewa fitoci wanke tsohon kaya suke yi da fetur, su mayar, su ce sabo ne.

Na ce ni zan sayo da kaina, na kuwa sayo. Washegari da safe kafin in mayar masa da motar na buɗe gabanta, na ɗiga wa tsohon famfon jan farce a ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Sannan na ja benci na zauna a garejin, na ƙi zuwa shago. Ya kwance bel, ina kallo. Ya zare tiyo, baƙin mai ya tsiyaye a gwangwani, ina kallo. Ko da ya tafi sallar azahar, a gefen motar na shimfiɗa ɗankwalina na yi tawa. Ya aiko mini da wake da shinkafa, na ci ina lissafin abin da yake son rufe mini baki a kai.

Da la'asar ya tayar da mota, ya juya sitiyari da yatsa ɗaya. Shiru, babu kuka. Ya ɗauko tsohon famfon ya juya mini gindinsa.

"Ga alaman da kin sa. Ban goge ba."

Kunya ta rufe ni. Na fara kame-kame, ya ɗaga hannu.

"Shi marigayi makulli yake jefo mini ya tafi kasuwa. Ni na wanke shi da hannun nan, na sa shi a rami."

Na miƙa kuɗin aiki, ya karɓa ya ƙirga a gabana, abin da bai taɓa yi wa gidanmu ba. Shekara ashirin yana kirana matar yayana. Ranar ya ɗora makullin a kan mota ya ce, "Madam, a sauka lafiya."

Har yau haka yake kirana.