Ba a Gaya wa Likita Abin da Na Jiya Ya Ce

A ƙasarmu ta Kurfey, in ka je wurin mai duba ko 'yan bori, ba ka gaya masa abin da na jiya ya ce. Kai dai ka zauna ka yi gum. In ya iya, ya gano da kansa. Da wannan dabara yayana ya shiga asibitocin Yamai, yana ganin ya fi kowa wayo.

Dillalin shanu ne a kasuwar Filinge, bakinsa ya fi aljihunsa girma, aljihun kuwa ba laifi. Ɗansa namiji ɗaya ne. Yana ƙarami ya faɗo daga amalanke ya bugi kai, aka kai shi Yamai aka sa shi a sikaner, injin nan mai ɗaukar hoton cikin kai. Ba a ga komai ba. Amma daga ranar, da yaro ya ce kansa na ciwo sai motar Yamai. Sabon asibiti, sabon likita, tsohon hoto kuwa yana gida ƙarƙashin katifa.

Ni ce 'yar rakiya, don ina jin Faransanci. Ban taɓa jin likita ya tambaya ko an taɓa yi wa yaron hoton ba. Alhaji yayana ya ce sikaner, a rubuta sikaner. Ko sun san illar sun yi shiru, ko su ma ba su sani ba, oho. Har gobe haushinsu nake ji.

Sai muka faɗa hannun wani tsohon likita mai ɗaure fuska. Ya tambaya.

"Ba a taɓa ba," in ji yayana.

Matarsa, uwar yaron, mace ce da sai ka wuni da ita ba ka ji muryarta ba. Ran nan ta ɗaga kai ta ce, "An yi, likita. Ya hi yatsun hannu guda."

Likita ya ajiye biro. Ya ce hasken injin nan ba na fitila ba ne, kowace shiga tana ƙara haɗari, jikin yaro kuma ya fi na babba saurin jin sa. Yana iya jawo ciwon daji bayan shekaru, yana iya ƙin jawo komai, babu mai iya faɗa. Gaskiya ya faɗa. Sai dai bai dubi babbar rigar Alhaji ba, bai kuma ambaci abokan aikinsa ba. Ita ya zura wa ido ya ce, "Ke wace irin uwa ce?"

Ciwon kan ashe na ido ne. Gilashi aka ba yaron, ya warke.

A mota muna komawa, yayana bai ko rage murya ba, gaban ɗan, gaban fasinja.

"Wa ya aike ki? Da kin kama bakinki da maganag ga ba ta taso ba. In cutar ta taho, bakinki ya kirawo ta."

Na ce, "Yaya, ka ji tsoron Allah." Ya ce in bari sai na haifi nawa in yi magana. Ya san inda yake mini ciwo, nan ya taka.

Maganar ta bi dangi, ta zauna daram. Yaro ya yi atishawa, a juya a dubi uwar. Ita kuma kullum da safe sai ta tare shi kafin ya fita, ta shafa wuyansa da bayan kunnensa tana neman kumburi, kamar mai tsince tsakuwa a gero. Shekara da shekaru ba ta fasa ba.

Yanzu ya zama saurayi, ya fi ubansa tsawo, lafiyarsa lau. Daminar da ta wuce ina gidan, uwar ta miƙa hannu kamar kullum. Ya kama hannun ya sauke shi a hankali.

"Inna, bari. Baba ya ce ke kinka sa min baki. Dubawa kike ki gani ko ya kama?"

Ta goge hannun a zanenta kamar ta taɓa ƙazanta, ta tsaya tana kallon wuyansa har ya fita ƙofa.