Shatin Yatsa a Gilashin Hagu

Tun yana makaranta ake ce masa Ido Huɗu, kuma sunan ya bi shi har ɗakin ba da magani na asibiti, inda ya yi shekaru a bayan taga yana karanta rubutun likitoci mai kama da tafiyar tsutsa. In ya cire tabarau, ko fuskar wanda ke gabansa ba ya shaidawa. Mutum ne mai tsabtar tsiya. Kafin ya miƙa wa kowa ƙwaya sai ya hura gilashin ya murza da gefen riga.

Ya bar gogewa bayan rasuwar 'yarsa. Ba ta cika shekara uku ba. Halinta ne in ya ɗauke ta sai ta kai wa tabarau cafka, kuma ta yi hakan a gadon asibiti, ranar da zazzaɓin ya ɗan sake ta, hannunta da maiƙon man shafawa. Shatin yatsan ya zauna a gilashin hagu, can sama. Ta cikinsa yake kallon duniya yanzu. Abokan aiki suka yi ta tsokanarsa wai ido huɗun sun koma uku, ya ƙyale su. Abin da ya dame shi shi ne shatin yana dusashewa. Gumi da ƙura suna cinsa daga gefe, kuma ya san ko a akwati ya kulle shi, maiƙo ba ya dawwama. Ya gwada ɗauka da waya, ba abin da ya fito sai hazo.

Ya karɓo aron tsohuwar kyamarar ƙanin matarsa ya nufi kantin kayan hoto. Mai kantin, dattijo mai surutu, ya tambaye shi ƙwari zai ɗauka ko gwala-gwalai. Ya ce gilashi ne, abu ƙarami a jikin gilashi. Dattijon ya jera masa kaya a kan tebur. Akwai idon kyamara da aka ƙera don ƙananan abubuwa. "Wannan, maigida, sai ka sayar da babur ka haɗa da hular kwanon." Akwai ɗan gilashi da ake maƙala wa waya, amma tsakiyar hoto kaɗai yake fitarwa, gefen ya karkace. Sai wasu zobban ƙarfe da ake ɗaurawa tsakanin kyamara da idonta, su matso da abu kusa. Su ne masu araha, aibinsu ɗaya: kyamara ba za ta ƙara saita kanta ba, sai mutum ya juya da hannu har idonsa ya ce ya yi. Ya zaɓi zobban. Dattijon ya ce ya kafa kyamarar kada ta motsa, ya sa baƙin ƙyalle a baya, haske ya shigo ta gefe. Sannan ya ɗauko tsumma.

"Kawo tabaran in goge maka, wannan kyauta ne."

"Bar shi," in ji shi, ya ja da baya.

Ranar Asabar da hantsi ya jawo tebur kusa da taga. Ya ɗora kyamarar a kan littattafai, ya rataya baƙar rigarsa a bayan kujera, ya cire tabarau ya ajiye a gaba. Sai a lokacin ya gane. Abin da zai ɗauka shi ne abin da yake gani da shi, kuma ba shi da wani. Ya juya idon kyamarar dama, ya juya hagu, duk hazo ɗaya. Ya zauna, hannuwansa a gwiwa.

Matarsa ta shigo da kwandon wanki. Tun rasuwar maganarsu ba ta wuce ta abinci da makulli ba, kuma ba ta taɓa tambayarsa me ya hana shi goge tabarau ba. Ta tsaya. Ya ji ta ajiye kwandon ta goge hannu a zane.

"Matsa, Malam. Ina ake juyawa?"

Ya lalubi hannunta ya ɗora a wurin. Ta sunkuya ta daɗe tana juyawa a hankali, tana wucewa tana dawowa. Ta ce ya karkata tabaran kaɗan wajen taga, ya karkata. Ta ce ya cire hannunsa daga tebur, ya cire. Ya ji ƙarar kyamarar sau ɗaya, sannan kuma sau da yawa.

Ya tambaye ta ko layukan yatsan sun fito. Ta ce rabi sun fito, rabin ya riga ya tafi.

"Babban yatsa ne?"

"Manuniya ce. Ga inda murfin gwangwani ya yanke ta."

Shi bai san da yankan ba. Ta ce yana wurin aiki ranar, kuma yankan bai kai abin faɗa ba. Ta jawo kujera ta zauna kusa da shi ta ce in zai kai hoton a wanke, ya ce su yi biyu.