Faranti Biyu na Ɗan'uwa Ozell

Ranar Talata, tara ga watan Satumba, da safe, Allah ya yi wa Ɗan'uwa Ozell Burdette rasuwa a harabar makarantarmu. Shekarunsa arba'in da tara. Ya kawo yara kamar yadda ya saba, ya tsayar da bas ɗin a inda yake tsayar da ita, ya ja birki, ya buɗe ƙofa. Yara suka riƙa sauka suna cewa, "Sai an tashi, Baba Ozell," yana ɗaga musu hannu. Da na ƙarshensu ya shige aji, sai ya kwantar da kansa a kan sitiyari. Likita ya ce zuciyarsa ce ta tsaya. Ya ce kuma da alama tun a hanya ciwon ya kama shi, ya daure.

Ozell, mun san ka daure. Duk wanda ya san ka ya san ba za ka tsaya da 'ya'yan mutane a gefen titi ba. Ni ce Ruthell, malamar kimiyya, wadda tagar ajinta ke kallon wurin ajiye motarka. Tun ina sabuwar malama ƙarar birkinka ce ke gaya mini lokaci ya yi. Washegarin rasuwarka wani direba ya kawo yaran. Mutumin kirki ne, amma a wani wuri daban ya tsaya, yaran kuma suka sauko shiru kamar waɗanda aka kawo asibiti.

Ka fi mu malamai sanin yaran nan. Mu a aji muke ganinsu, kai kuwa a ƙofar gidajensu, kafin su gyara fuska. Ta madubin nan mai faɗi da ke saman kanka kake gane wanda ya sha kuka, da wanda ya fito ba a ɗora tukunya a gidansu ba. Ba ka taɓa kunyata yaro a gaban abokansa ba. Sai zai sauka ka ce, "Kai, zo ka rage mini wannan, ya yi mini yawa," ka miƙa masa burodi mai zuma daga jakar da ke ƙarƙashin kujerarka. Akwai shekarar da wata ɗalibata ta daina zuwa saboda jinyar mahaifiyarta. Kowace safiya sai ka tsaya a ƙofarsu ka yi ta danna hon, maƙwabta suna leƙowa, har kunya ta fito da ita. Yau ma'aikaciyar jinya ce a birnin Jackson. Ta bugo mini waya ranar Talata, ba ta iya haɗa magana ba.

Burodin nan mai zuma a gidan mai kake saye, don tun da kantin kayan abinci ya rufe, gidan mai ne kasuwarmu. Abin da ke can kowa ya sani: soyayyar kaza a ƙarƙashin fitila, soyayyen dankali a leda, da lemo a kofin da ya kusa ƙaramin bokiti. Gonaki sun kewaye mu, baƙar ƙasa mai albarka, auduga da waken suya iya ganin ido, amma mai son ɗanyen tumatir sai ya cika tanki ya nufi wani gari. Nakan tsaya a gaban allo in zana zuciya da jijiyoyinta da jan alli, in nuna wa yara yadda kitse ke toshe hanyar jini. Su kwafa da kyau, su ci jarrabawa, a tashi su tsallaka titi zuwa gidan mai. Ba taurin kai ba ne. Babu wani wurin zuwa.

Bara likita ya gaya maka gaskiya: suga ya hau, jini ya hau, jiki ya fi ƙarfin ƙafafu. An riga an ja kujerarka baya har ƙarshe, duk da haka sitiyari na gogar rigarka. Ka ji maganar, ka kuma ɗauke ta da gaske. Ka sayi takalmin tafiya, ka fito da yamma ka kama gefen kwalta, tun da ba a yi wa mai tafiya a ƙasa hanya a garinmu ba. Kai da bakinka ka ba mu labarin, kana dariya har da hawaye. Ba ka yi nisa ba Fasto ya taka birki kusa da kai.

"Ɗan'uwa Ozell, motarka ta mutu ne? Shigo."

"A'a, Fasto, tafiya nake yi."

"Zuwa ina?"

"Ba ko'ina."

"To shigo in kai ka."

Kafin ka kai gada motoci sun yi ta tsayawa, kowa da kirkinsa. Washegari aka riƙa bugo wa matarka Verlene waya ana tambayar ko faɗa kuka yi ta kore ka. Ka ci gaba na ɗan lokaci, sannan gwiwoyi da zafin garin nan suka ƙarasa abin da kirkin mutane ya fara. Takalmin yana nan a bayan ƙofarku, ƙasansa bai ko goge ba.

A cikin wannan hali aka auna Keturah, 'yarka tilo, mai shekara goma sha biyar, aka ce ciwon suga yana dab da kama ta. Ɗalibata ce. Ita ce yarinyar da ke ɗaga hannu bayan an kaɗa ƙararrawa, kowa na harararta, tana tambayar me ya sa jini ba ya komawa baya. Ka zo ajina da hularka a hannu, ka dubi kujerun yara, ka zaɓi tsayuwa.

"Malama," ka ce, "ki gaya mini da harshen direba. Me yarinyar nan za ta ci?"

Na gaya maka, ba ka kuma buƙaci in maimaita ba. Kai da Verlene kuka juya gidanku. Ruwa ya maye gurbin lemo. Aka koma dafa wake da ganye ba kitse. Ranar Asabar kakan tuƙa zuwa wancan gari ka dawo da kabeji da tumatir. Keturah ta fara sauƙi, har ta shiga cikin masu zagaya filin makaranta. Gida ya yiwu. Lahadi ce ta gagara.

Ba sai na gaya wa 'yan cocinmu yadda ake cin abinci bayan sujada ba. Ba wanda ke zuba wa kansa. Mama Idella ce ke riƙe da ludayi, kamar yadda ta riƙe shi tun kafin a haifi yawancinmu: kaza, soyayyar tarwaɗa, makaroni da cuku, ganye da kitsen alade, burodin masara, kek ɗin dankali a gefe, da shayi mai ƙanƙara wanda suga ya kwanta a gindinsa. Idan ta gama rabo sai ta koma tagar kicin, inda ake maido faranti, ta tsaya. A nan ake yi mata godiya, ba da baki ba. Faranti wayam, an gode. Faranti da saura, ba za ta yi faɗa ba. Za ta kwana tana tunanin abin da ta yi maka, da safe ka gan ta a ƙofarka da kwano, tana tambayar ko ba ka da lafiya. Idan ka ce a naɗe maka ka tafi da shi, sai ta ce na gida daban yake, wannan a nan ake cinye shi.

Ita ce ta riƙe ka, Ozell, da mahaifiyarka ta rasu kana ƙarami. Ta tsinci auduga da ciki ba komai, ta san yadda yunwa ke sa yaro shiru. Sau ɗaya ka gwada yi mata bayani. Verlene ta ce ka daɗe kana zagaye kafin ka ce, "Mama, likita ya ce Keturah ta rage."

"Likitan nan shi ya goye ka?" ta ce. "Yarinya tana girma za ka hana ta ci? Ko abincina ne ya zama guba yanzu da na tsufa?"

Ta faɗa idonta ya ciko. Ba ka sake ɗaga maganar ba.

Sai ka samo taka hanyar. Kakan zauna a hagun Keturah. Ka cinye naka da sauri, kana ba da labari, teburin kowa na dariya. A tsakiyar dariyar sai farantinka wayam ya koma gabanta, nata cikakke ya dawo gabanka. Ganyen kaɗai da ɗan naman kaza take taɓawa. Sauran kai ne. Faranti biyu suka riƙa komawa tagar Mama Idella a share, tana murmushi, tana cewa yarinyar nan ta gado ubanta. Ba kuma Lahadi kaɗai ba. Akwai tarukan jana'iza, waɗanda ba sa yanke mana a garin nan, akwai na baftisma, akwai na cikar shekarar coci. Ko'ina faranti biyu.

Ina zaune a teburin da ke fuskantarku, na gani. Ranar Litinin na same ka kana share bas.

"Ozell, na ga abin da kake yi bayan sujada."

"Me kika gani, Malama? Ni dai waƙa na yi, na yi addu'a."

"Faranti biyu na gani."

Ka dafa cikinka. "Ai kin ga akwai wurin ajiya."

"Ba wasa nake yi ba. Likitan da ya yi mata magana kai ma ya yi maka. Ku juye a leda mana, ko a ba kare."

"Abincin Mama Idella, a ba kare? Malama, ki ji tsoron Allah. Matar nan tana gani ta ƙeya." Ka jingine tsintsiya, dariyar ta bar fuskarka. "Ni an riga an gama gina ni haka. Keturah ce ba a gama ba. Ki bar ni in tsaya tsakaninta da farantin nan har ta gama makaranta, ta tafi garin da ba mai zuba mata."

Na yi maka duk bayanin da na sani. Ka saurara da ladabi, kamar ɗalibin da ya riga ya yanke shawara. Ba zan ce farantan nan ne suka kashe ka ba. Likita ya ce zuciyar ta daɗe da gajiya, kwana kuma na Allah ne. Amma shekara guda ka yi kana cin rabon mutum biyu da jikin da aka ce ya rage rabon mutum ɗaya, ka kuma san abin da kake yi.

Ranar Laraba muka yi abin da muke yi idan an yi rashi. Motoci suka jeru a ƙofar gidanku, kowace mace da tire a rufe. Kafin azahar babu wurin ajiye kofi a teburinku. Kabejin da ka sayo ranar Asabar aka fito da shi daga firji don a samu wurin kek. Mama Idella ta zo idanunta a kumbure. Tun asuba take tsaye a gaban murhu, don ba ta san wata hanyar yin kuka ba. Ta cika faranti, ta ajiye a gaban Keturah.

"Ci, 'yata. Babanki bai taɓa maido mini ko ƙwayar shinkafa ba. Ke ma haka, 'yar albarka."

Keturah ta waiga hagunta. Kujerarka ce a wurin, da hularka a rataye. Ta daɗe tana kallonta. Sannan ta ɗauki cokali. Verlene ta juya fuskarta ga bango. Yarinyar ta ci kazar, ta ci makaronin, ta ci burodin masara, hawaye na zuba cikin farantin, ba ta tsaya ba sai da ta cinye kek ɗin. Mama Idella ta shafa kanta, ta ɗauki farantin ta rungume a ƙirji.

Jiya Keturah ta zo ajina bayan an tashi. Ba ta zauna ba.

"Malama, ranar Asabar ma akwai abinci bayan an binne shi. Lahadi ma akwai. Ki gaya musu. Ni ba zan iya kallon idon Mama ba."

Shi ya sa na rubuta wannan, da yardarta da yardar mahaifiyarta, don a karanta a coci kafin a buɗe tukwane. Ka yafe mini, Ozell, na tona abin da ka rufe.

Mama Idella, yanzu ke nake yi wa magana, a durƙushe. Ba laifi nake ɗora miki ba. Rabin garin nan da ludayinki muka rayu, kuma Ozell ya ƙaunace ki har ya gwammace ya cutu da ya ga idonki ya ciko. Amma ranar Asabar farantin Keturah zai dawo tagarki da abinci a kai. Ba raini ba ne, ba kuma rashin lafiya ba. Ki karɓa. Idan za ki iya, ki yi mata murmushin da kike yi wa faranti wayam. Ban san ko wannan zai isa ba. Ranar Litinin gidan mai na nan a tsallaken makaranta, kantinmu na nan a rufe, titin na nan ba gefen tafiya. Waɗannan sun fi ƙarfinki. Farantin kaɗai ke hannunki.

Allah ya jiƙanka, Ozell. Ya gafarta maka, ya karɓe ka da irin karɓar da ka yi wa 'ya'yan mutane a ƙofar motarka, ya ba ka hutun da gwiwoyinka suka daɗe suna roƙo. Verlene, 'yar'uwata, Ubangiji ya riƙe ki a wannan gida da ya yi miki faɗi. Mama Idella, Allah ya sanyaya miki zuciya, ya ba ki ƙarfin jin abin da kika ji yau. Yaran bas, ya ba ku haƙuri. Keturah, Allah ya ja kwananki, ya kai ki shekarun da mahaifinki bai kai ba. Kujerar hagunki ba kowa yanzu. Allah ya sa kada ki sake buƙatar wani a kanta.