Mai Wa'azin da Ya Zo Daga Kabi

Shekarar da aka maido ni koyarwa a lakwal ɗin Dogon Dutsi, wani mai wa'azi ya zo daga ƙetaren iyaka, wajen Kabi. Ɗan Angilikan ne, ya zo ganin ƙanwarsa da ke aure a unguwarmu. Fastonmu ya ba shi wa'azin Lahadi don girmama baƙo.

Yana miƙewa na ga babana ya ɗaure fuska. Mutumin ya sa farar riga har ƙasa, ya rataya ƙyalle a wuya, addu'a ma daga wani littafi ya karanto ta. Babana dattijon majami'a ne, amma a gidan bori ya tashi a Matankari, shi ya sa duk ibadar da ke da tufafinta na daban ba ta kwanta masa.

Baƙon ya yi magana kan asalin ikilisiya. Ya ce ba Turawan mishan suka fara ta ba, akwai masu bi a Masar da Habasha tun kakannin Ingilishi ba su ji bishara ba. Mu matasa abin ya yi mana daɗi. Dattawa kuwa suka fito suna ƙus-ƙus. Wasu suka ce Katolika ne ya ɓoye kansa, wasu suka ce mutane ya zo janyewa.

Baba ya sa na aro littafin addu'ar, na duba masa shi da Littafi Mai Tsarki a gefe. Kwana uku ina yi bayan tashi daga lakwal. Yawancinsa Zabura ce da ayoyin da muka sani. Amma na tarar da baftismar jarirai, abin da mu ba ma yi. Na faɗa masa duka biyun, na biyun kawai ya riƙe.

Ya kira baƙon gida, aka dama fura. Bayan gaisuwa ya ce, “Malam, in littafin nan ya ɓata, kana iya addu'a?”

“Ina iyawa, Baba. Amma ranar da na binne matata bakina ya kasa. Kalmomin waɗanda suka riga ni bangaskiya ne suka riƙe ni.”

Baba shi ma bai cika shekara da rasa innarmu ba. Sai ya gyara zama ya ɗauko zancen jarirai. Suka yi ta jayayya har la'asar, ba wanda ya sauka daga ra'ayinsa.

A taron dattawa Baba ya yarda mutumin ya sake wa'azi, amma ban da rigar. Baƙon ya yi godiya, ya ce bishop ɗinsa ne ya sa masa ita, ba zai tuɓe ba da izininsa ba. Ran Juma'a ya shiga mota ya koma.

Har watanni bayan haka Baba na tambayata ko mutumin na kiran matasanmu a waya. Ni kam yana kirana, muna hira kan tarihin ikilisiya. Ban taɓa faɗa wa Baba ba.