Shekarar da Muka Yashe Bakin Tafki

Ni ba maharbi ba ne, amma tun ina koyarwa a wata firamare wajen Araba nake bibiyar agwagin ruwa. Idan damina ta fara ja da baya, gero ya nuna, sai wasu ƙananan agwagi masu farin zane bisa ido su sauka a tafkin da ke bayan gonarmu. Baƙi ne daga arewa mai nisa, ba kamar kirinjijiya da muka saba da ita ba.

Shekara biyu a jere ba su sauka ba. Da idona na ga sun zo, sun kewaya sama, sun wuce. Na nannaɗe wando na bi ƙoramar da ke kawo wa tafkin ruwa daga fadama, sai na tarar yashi ya cike bakinta, ruwan yana karkacewa wani wuri. Abin da ya rage a tafkin bai kai gwiwa ba.

Nan wani dattijo Bafulatani da ke shayar da shanunsa ya same ni.

"Malam, mi kaka nema cikin laka?"

"Baffa, hanyar ruwa ta toshe. Yashe ta zan yi."

"Kai ɗaya?"

"In ban samu na biyu ba."

Ya dubi shanunsa suna shan ruwa mai kauri kamar kunu. Ya ce idan bazara ta yi in aika masa.

Da bazara muka fara, ni da shebur, shi da kwando. Da an idar da sallar asuba muke fita, mu tashi kafin rana ta yi zafi, ni in wuce makaranta. Hannuna ya yi kanta, ya fashe, ya sake yi. Yayana ya ce duk Illela babu wanda ya taɓa jin malami ya zama lebura saboda tsuntsu. Na ce masa to yau an ji.

Ruwan farko da aka yi mai ƙarfi ya rusa kusan rabin aikin. Na tsaya ina kallon yashin da muka kwashe ya koma inda yake. Baffa ya ajiye sandarsa ya ce, "Laifinmu ne, ba mu ɗaure gefen ba." Muka tono ciyawar jema daga fadama muka dasa a gaɓar biyu, saiwarta ta riƙe ƙasa, muka sake haƙawa. A wannan karon mata biyu masu noman albasa a bakin tafkin suka kawo kwandunansu.

Ruwa ya shiga. Ƙarshen damina kullum da safe ina can. Kwana goma sha ɗaya ban ga komai ba sai balbela. Rana ta goma sha biyu suka sauka, ba su da yawa, suka shiga cikin ciyawa suna kiwo.

A lokacin Baffa ya riga ya ƙetara Nijar da shanu. Da ya dawo na tare shi da labari. Ya saurara, ya shiga tafkin har ruwa ya kai masa ƙugu, sannan ya nuna gabas da sanda.

"Wancan gefen bai yi zurfi ba, Malam. Ka nemo shebur na biyu."