Aninan Dokin Ƙofa

A shekarun da kuɗin mai ya cika ƙasa, aka rushe wani sashe na unguwarmu a Daura, aka share wurin, aka dasa dalbejiya da kujerun siminti domin jama'a su sha iska. Gidan kakannina yana cikin waɗanda aka rushe. An ba mu fili a bayan gari, muka tare, kowa yana murna da rufin kwano.

Ina jami'a a lokacin. Da aka yi dogon hutu, na sami aikin wucin gadi wajen masu shimfiɗa bututun ruwa, kuma ni ne mai riƙe na'urar da ke gano ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa. Da kakata, mahaifiyar babana, ta ji labarin, sai ta ce in kai ta tsohon gida in nemo mata aninanta. Lokacin da take amarya, matan da suka yi mata daɓe sun jera aninai a dokin ƙofar ɗakinta domin ado.

Na yi dariya. Na yi mata doguwar lacca a kan canjin kuɗi, cewa tun zuwan naira anini ko ƙuli-ƙuli ba ya saye. Ta saurara har na gama, ta ce ita dai ba ta yi sa'ar miji ba, ga rowa ga surutu. Haka muke wasa da ita. Amma ba ta sake ta da zancen ba.

Gwaggona ce ta ja ni gefe. Ta gaya mini cewa 'yar farin tsohuwar ta rasu tana da wata bakwai, aka binne ta a bayan ɗakin, kamar yadda ake yi wa jarirai a da. Tun da aka baje wurin, tsohuwar ta kasa gane inda kabarin yake. Kunyar ɗan fari ba za ta bar ta ta ambaci yarinyar ba, balle ta ce kabarinta take nema. Aninan kaɗai take iya faɗa.

Ranar Juma'a da hantsi na roƙi aron na'urar, na ɗauki kakata a bayan babur. Mai gadin wurin ya tambaya ko gwal muke nema, ta ce masa miji take nema, wannan ya gaza. Na yi ta zagaye, na'urar tana kuka a kan ƙusoshi da marafan kwalba. Ita kuwa tana tsaye, tana kallon hasumiyar masallacin unguwa, tana gwada nisa da ido, tana cewa in ƙara yin kudu.

Kusa da wata kujera, kukan ya zo a jere, ba yankewa. Na tona da wuƙa kamar taƙi ɗaya, sai ga jan daɓe, ga aninai uku sun yi kore, kowanne da hujinsa. Na sa bakin wuƙar zan ɓamɓaro ɗaya.

"Bar su, maigida," in ji ta. "Mayar da ƙasarka."

Ta tsaya a kan wurin kamar mai shiga ɗaki, ta taka a hankali zuwa inda bango yake a da, ta kauce masa, ta zagaya ta baya, ko da yake babu komai sai ciyawa. Can ta durƙusa. Na juya mata baya, na yi kamar ina gyaran wayar na'urar.

Yau ina da shekara hamsin, kuma har yanzu ina tambayar kaina abin da karatuna ya koya mini game da sauraro. Da ta miƙe, ta kakkaɓe zaninta, ta ce in lura da wurin da kyau, domin idonta ya fara tafiya. Taki tara ne daga ƙafar kujerar, ta gabas. Ban taɓa tambayar ta sunan yarinyar ba, ita ma ba ta faɗa ba.