Sadakar da Na Bai Wa Madam Odet

Ƙarar kofin silba ce a kan siminti ta fara komai. Ina tsugune gaban murhu ina dama koko, sai na ji ƙwal, kofi ya gangara har gindin randa. Na juya zan yi faɗa, na tarar da Hindatu, 'yata mai shekara shida, ta durƙusa tana neman numfashi, leɓenta kamar an shafa mata shuni.

Wata bakwai muna zirga-zirgar asibiti. Likita ya ce ƙofa ce a zuciyarta, da ita aka haife ta, kuma ba a yin aikin a Wagadugu. Ya sa sunanta a wata ƙungiya mai kai yara waje kyauta. Ranar da aka kira maigida a waya yana shagonsa na atamfa a unguwar Gungen, tun kafin azahar ya dawo, ya kashe mobilet, 'yar babur ɗinsa, ya zauna a kanta bai sauko ba. Na ce, Faransa ce? Ya ce a'a, Isra'ila.

Lokacin kuwa hotunan yaran Gaza ba su daɗe da barin telebijin ɗinmu ba. Unguwarmu Zango ta ɗauka da magana. Wata maƙwabciya ta rantse mini cewa Yahudawa ba sa yi wa Musulmi alheri a banza. Malamin makarantarmu ta mata ya ce in tafi, Allah ne mai warkarwa, hannu kawai Yake aikowa. Inna, surukata, ba ta sa baki a gardamar ba. Abu ɗaya ta ɗora mini: kafin wuƙa ta taɓa yarinyar, in ba da sadakar abinci da hannuna, a hannun mai jin yunwa na gaske, ban da aike. Haka ake yi a gidansu tun Kano. Ta ƙulle mini dabino bakwai a bakin gyale.

'Yan'uwana mata da kuka ce in rubuta muku, ga yadda tafiyar ta kasance, watanni kaɗan kafin ambaliyar da ta ci garinmu.

Laraba: Zango zuwa Adis Ababa

Biyar da rabi, ana sallame Asuba, muka fita. Koren tasin da maigida ya yi magana da shi ya ƙi shigowa lungunmu saboda ramuka, sai da muka taka zuwa bakin kwalta, Hindatu a bayan babanta. Ta unguwar Pisi muka bi, mata masu fasa dutse sun riga sun fito da gudumominsu. Direban Bamoshe ne, wato ɗan ƙabilar Mosawa, da ya ji inda za mu sai ya ce in ɗebo masa ƙasar can ko cikin leda, tsohuwarsa Kirista ce, za ta yi murna.

Ban taɓa hawa jirgi ba. Da ya ɗaga, na ga Wagadugu ta koma kamar an baza jan barkono a tabarma, na kama Ayatul Kursiyyu ban sake ta ba. Mun sauka Adis Ababa da almuru, sanyi har ƙashi. A nan aka ware masu zuwa Tel Abib gefe guda, wani saurayi ya yi mini tambayoyi kusan minti arba'in da Faransanci. Wa ya ɗaure miki kaya? Wa kika sani a can? Akwai wanda ya ba ki saƙo? Ya kwance ƙullin daddawata, wadda muke cewa sumbala, ya shinshina, ya ja da baya, ya kira wani ya shinshina. Na ce ta miya ce. Bai yi dariya ba. A raina na ce, wane irin tsoro ne wannan, har daddawa?

Alhamis: Tel Abib

Da hantsi muka isa. Motar ƙungiya ta ɗauke mu, minti ashirin da biyar zuwa asibiti. Daga taga na hango teku karo na farko a rayuwata, ruwa ba gaɓa ta biyu, na yi ta tasbihi har direba ya leƙo ni ta madubi. Ɗakinmu a hawa na uku, gado huɗu. Gorar ruwa a shagon ƙasa shekel shida, da na juya zuwa sefa sai na koma famfo. Ranar Asabar lif ɗinsu da kansa yake tsayawa a kowane hawa, don masu addininsu ba sa taɓa maɓalli a ranar hutu.

Gadon da ke kusa da namu na Yasin ne, jariri ɗan wata tara. Uwarsa Bafalasɗiniya ce daga wani ƙauye kusa da Nabulus, Ummu Yasin ake ce mata. Makarantar Faranko-Arab na yi, don haka muna fahimtar juna da Larabci idan ta rage gudu. Ta ce tafiyar da ba ta kai awa biyu ba, yini guda ta ci mata saboda shingayen soja, mijinta kuma ba a ba shi takardar wucewa ba.

Sai Madam Odet. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, ta haura tamanin, kullum cikin rigar sanyi mai toka ko da rana ta take. Tana zuwa da safe ta zauna da yaran da ke jin Faransanci. Hindatu ta manne mata, tana kiran ta Yaba, yadda yaran Mosawa ke kiran kaka. Abin da na lura da shi tun rana ta farko shi ne, idan an gama cin abinci, takan bi tire-tire tana tsince guntayen burodi, ta naɗe a takarda ta cusa a jaka. Har ɓurɓushin kan tebur takan dangwala da yatsa ta kai baki. Zuciyata ta karye. Na ce wannan baiwar Allah 'ya'yanta sun yar da ita, aikin nan ma don ragowar abinci take yi.

Litinin: neman mai yunwa

An sa aikin Hindatu Talata da ƙarfe takwas. Na sauka bakin ƙofar asibiti na tsaya awa guda, na zaga har tashar bas, ban ga ko mutum ɗaya ya miƙo hannu ba. A Zango ba ka kai ƙofar masallaci sai ka sauke nauyinka, nan kuwa ga dabino a gyale, ba mai karɓa. Hankalina ya tashi sosai, don na sa a raina idan sadakar nan ba ta fita ba, ban cika wa yarinyar haƙƙinta ba. Ina hawowa sai na yi kiciɓis da Madam Odet tana naɗe burodinta. Na ce Alhamdu lillahi, ashe mai yunwar tana gabana.

Talata: sadaka da jiniya

Bakwai saura na sayi burodi sabo guda biyu, na haɗa da dabinon. Na ja ta bayan labule don kada in kunyata ta, na durƙusa kamar yadda ake bai wa babba, na ce ta yi haƙuri, al'adarmu ce, muna ciyar da mai buƙata kafin a yi wa ɗa aiki, kuma na ga halin da take ciki.

Ta dube ni, ta dubi burodin. Sai dariya ta ƙwace mata har tana riƙe ƙarfen gado. Wata nas da ta leƙo ta raɗa mini cewa ɗan Madam Odet babban lauya ne, gidanta kuma yana kallon teku. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na miƙa hannu zan janye ledar, sai ta riƙe ta gam. Dariyar ta riga ta tsaya.

"Bar shi, 'yata," in ji ta. "Ba ki yi kuskure ba. Yunwa nake ji. Shekara sittin da wani abu ke nan ban ƙoshi ba."

Ta ture hannun rigarta. Wasu lambobi ne shuɗaye a fatarta. Hindatu, da ke kwance an sa mata rigar tiyata, ta ce, "Yaba, tsagar gidanku ce?" Ta ce i, kusan haka ne.

Bayan an tura gadon yarinyar an rufe ƙofa, a kan benci ta ba ni labarin. A Faransa aka haife ta. Tana da shekara goma sha biyar aka kwashe su cikin taragon shanu na jirgin ƙasa, ita da uwa da uba da ƙanenta, zuwa sansanin Jamusawa, ba don laifin komai ba sai don su Yahudawa ne. A bakin jirgin aka nuna mata dama, aka nuna wa sauran hagu, ba ta ƙara ganin su ba. A can aka tsaga mata lambobin nan. Yankan burodi ɗaya ake ba su a yini, a hammata take ɓoye shi don kada a sace. Maƙwabcin da ke gaishe su kullum shi ya kai sunansu. A makaranta an taɓa mana wannan yaƙi a layi uku, na haddace mutum miliyan shida da aka kashe don jarrabawa na manta. Ban taɓa tunanin zan zauna da ɗaya daga cikin waɗanda suka tsira gwiwa da gwiwa ba.

Ƙarfe goma daidai wata jiniya ta tashi, doguwa, ba ta hawa ba ta sauka. Na miƙe a firgice, na ce shi ke nan, yaƙi ya same mu yarinya tana buɗe a kan tebur. Madam Odet ta kama hannuna ta kai ni taga. Wallahi ban taɓa ganin irin wannan ba. Babban titi mai layi shida, motoci duk sun tsaya cak a inda suke, bas da manyan motoci da babura, mutane sun fito sun tsaya kusa da ƙofofinsu, kai a sunkuye. Mai shara a barandarmu ya tsaya da tsintsiya a hannu. Minti biyu, ƙasa guda ba mai motsi. Ranar tsayuwa ta faɗo mini a rai. Madam Odet ta ce kowace shekara haka suke yi wa matattunsu, kuma yaransu tun suna rarrafe suke jin wannan ƙara.

Ummu Yasin, da ta fito taya ni jira, ita ba ta tashi daga benci ba lokacin jiniyar. Da jiniyar ta mutu, Madam Odet ta dube ta, ta ce in fassara. Ta ce jikanta soja ne, a irin shingen da matar nan ta wuce yake tsayawa. Ta ce idan ya dubi layin mutane, ba su yake gani ba, taragon nan yake gani, kuma ita ce ta ba shi labarin tun yana kan cinyarta. Sun yi rantsuwa ba za a sake kora su kamar tumaki ba, sun koya wa 'ya'yansu kada su yarda da alkawarin kowa. "To yanzu wa zai koya musu lokacin da za su sauke hannu? Ni ban iya ba."

Na juya maganar da Larabcina mai ɗingishi. Ummu Yasin ta ce, "Ki gaya mata Allah Ya ji ƙan uwarta. Ki kuma gaya mata ba mu muka sa su a jirgin ba. Kakata da makullin gidan da aka raba ta da shi a wuya aka yi mata wankan gawa."

Na yi jinkiri, amma na faɗa yadda ta faɗa. Madam Odet ta ce ta sani. Ta buɗe ledata ta ciro dabino ɗaya ta miƙa mata. Ummu Yasin ta karɓa. Ba ta ci ba, ba ta kuma ajiye ba, yana dunƙule a hannunta har lokacin da likita ya fito, ɗaya da minti goma, ya zare ƙyallen bakinsa ya ce an rufe ƙofar da ke zuciyar, tana bugawa da kanta. Na faɗi na yi sujada a kan tayil. Da na ɗago, tsohuwar tana gutsurar burodina tana kuka.

Juma'a ta huɗu: Ƙudus

Da Hindatu ta fara gudu a baranda, leɓe ja kamar na kowa, aka kai mu iyaye Ƙudus, tafiyar awa guda, hanya tana ta hawa dutse. A ƙofar Harami mai gadi ya ce in karanta Fatiha ya tabbatar ni Musulma ce, na karanta. Na yi sallah a Masallacin Aƙsa, ni, 'yar Zango. Na ambaci Inna da duk wanda ya ba ni saƙon addu'a, har maƙwabciyata mai rantsuwa. Da muka sauko ta wata hanya, ga Yahudawa jingine da katangarsu suna kuka suna cusa takardu a tsagin dutse, tsakaninsu da inda na yi sujada bai fi daga gidanmu zuwa famfon unguwa ba. Bindigogi ko'ina. Na tuna Inna, wadda har yau take ajiye da makullin gidanmu na tsohon Zango da aka rushe, alhali mu ba wanda ya kashe mana kowa. Ban san yadda za a raba wannan shari'a ba, kuma ba zan yi muku ƙaryar na sani ba.

Komawa gida

Bayan sati bakwai muka juyo ta hanyar da muka zo, da tambayoyinta duka. Yasin yana nan da rai lokacin da muka baro. Azahar muka sauka Wagadugu, zafi ya rungume mu, ruwan farko ya riga ya sauka. Direban nan na sa aka nemo shi ya karɓi ledar ƙasarsa. Inna ba ta tambayi teku ko jirgi ba, cewa ta yi, sadakar ta shiga hannun mai yunwa? Na ce ta shiga, Inna. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu, da ku da kuka riƙe mini gida.

Kwana uku da dawowarmu, na kakkaɓe ragowar burodin karin kumallo zan watsa wa kaji. Hindatu ta riƙe mini zane, ta tattara guntayen a tafin hannunta, ta tsaya tana kallon su.

"Mama," ta ce, "idan muka aika wa Yaba duk burodin Wagadugu, za ta ƙoshi kuwa?"